Kilo nawa hekta za ta bayar? Ƙiyasin amfanin gonar roba da taswirar ƙasar noma

A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta hana shigar da kayan da aka sare daji domin nomansu. Kaya bakwai dokar ta lissafa: shanu, koko, gahawa, manja, waken soya, katako da roba. Duk kamfanin da zai kai roba kasuwar Turai dole ya nuna gonar da aka tatso ta, da lambobin da ke nuna inda gonar take a doron ƙasa, ya kuma tabbatar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disamban 2020. Gonar da ta wuce hekta 4 kuwa sai an zana iyakarta kaf. An ɗage ranar fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma masu awon gonaki ba su tsaya ba. Daga Tailan har Kodebuwa, ma'aikata na ta zagaya gonakin roba da waya a hannu suna ɗaukar iyaka.

Da zarar iyakar gona ta shiga kwamfuta, sai wata tambaya ta biyo baya: wannan fili, kilo nawa na roba zai iya bayarwa a shekara? Mai saye na son amsar don ya gane ko robar da aka kawo masa da sunan gonar daga cikinta ta fito. Banki na so kafin ya ba da rance. Gwamnati na so don ta san inda za ta ba da tallafin dashe da inda za ta janye hannu. Hanyar da ake yayi yanzu ita ce a ɗora iyakar gonar a kan taswirar ƙasar noma da ta ruwan sama, kwamfuta ta fitar da adadi. A kan wannan adadin ruɗani yake. Wasu na ɗaukarsa kamar abin da sikeli ya auna, wasu na ganin shaci-faɗi ne da aka yi wa ado da launuka.

## Abubuwan da ake cakuɗawa

Idan masana noma suka ce "abin da gona za ta iya bayarwa", mataki uku suke bambantawa. Na farko shi ne ƙololuwa: abin da irin itacen zai bayar idan ruwa da taki sun wadata, babu cuta, kuma gwani ne ke tatsa. Ba a cika ganin wannan ba sai a gonakin gwaji. Na biyu shi ne abin da za a iya samu a wani wuri takamaimai, bayan an cire abin da ƙarancin ruwa da raunin ƙasar wurin za su rage. Na uku shi ne abin da manomi ke kaiwa sikeli. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ita ake kira giɓin amfani. Taswirar ƙasar noma na biyun take ƙoƙarin ƙiyastawa, amma galibin masu duba ta na ukun suke nema.

Ma'aunin kansa ma yana rikita mutane. Farin ruwan da ake tatsa daga jikin itacen roba, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai robar gaske, saura yawanci ruwa ne. Duk ƙiyasin hukuma da busasshiyar roba ake yin sa, alhali manomi jiƙaƙƙen curi yake kaiwa kasuwa. Matsakaicin amfani a Tailan na kaiwa wajen kilo 1,400 zuwa 1,500 na busasshiyar roba a hekta a shekara, na Indunusiya kuma wajen kilo 1,000, yayin da ingantaccen iri a gonar gwaji kan haura kilo 2,000.

Ita kuwa taswirar ƙasar noma ta kwamfuta, hasashe ce da aka gina a kan samfurori. Ba a haƙa kowace gona ba. An haƙa wasu wurare ƙalilan, aka gwada ƙasarsu, sannan aka yi lissafin yadda sauran wuraren za su kasance.

## Dalilin da ya sa kuskure a roba ke da tsada

Mai shuka masara da ya yi kuskuren fili, damina ɗaya ya rasa. Itacen roba kuwa sai ya shekara shida zuwa bakwai kafin a sa masa wuƙar tatsa, kuma ba da shekaru ake ƙirgawa ba, da kauri ne: sai zagayen gangar jikinsa ya kai santimita 50. Daga nan ana tatsarsa shekara 25 zuwa 30. Duk wanda ya dasa a wurin da bai dace ba, ba zai tabbatar da kuskurensa ba sai ya ci bashin shekaru yana ciyar da gonar da ba ta ba shi ko sisi ba.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 1928 kamfanin Ford ya kafa Fordlandia a bakin kogin Tapajos na Barazil, a ƙasar da itacen ya samo asali. Filin tuddai ne, ruwan sama na wanke shi, ga cutar ganye da ke bin itatuwan idan an dasa su kusa da juna. A 1934 aka koma wani fili a Belterra, a 1945 kuma kamfanin ya sayar wa gwamnatin Barazil duka biyun bisa asara.

Bukatun itacen sanannu ne. Yana son ruwan sama wajen milimita 2,000 a shekara, wanda ya bazu cikin watanni, da zafi tsakanin digiri 25 zuwa 28. Yana son ƙasa mai zurfin mita ɗaya ko fiye, wadda babu marmara ko dutse da zai tare saiwarsa ta tsakiya, wadda kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Tsamin ƙasa ba ya damunsa sosai. A ma'aunin tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 ya yi masa daidai, matakin da amfanin gona da yawa ke wahala a kai. Shi ya sa asalin yankin nomansa bai wuce digiri 10 arewa da kudu da layin da ya raba duniya biyu ba. Bukatar ƙiyasi ta ƙaru ne lokacin da farashi ya tura noman roba wajen wannan yanki, zuwa arewacin Tailan, Lawos, Kambodiya, tsaunukan Biyetnam, lardin Yunnan na ƙasar Sin da arewa maso gabashin Indiya.

## Yadda ake haɗa taswirar

Tushen aikin tsohon tunani ne: ƙasar kowane wuri ta samu ne daga dutsen da ke ƙarƙashinta, yanayin sama, tsirran da ke kanta, tudu ko kwarin wurin, da tsawon zamani. Masanin ƙasa Hans Jenny ya tsara wannan a matsayin lissafi a 1941. A 2003 Alex McBratney na jami'ar Sidni da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi ta yadda kwamfuta za ta yi aiki da shi.

A aikace, ana fara ne da rami. Ma'aikata kan haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi ko biyu, su shiga ciki su duba bango: inda baƙar ƙasar sama ta ƙare, inda laka ta fara, ko akwai tsakuwa, ko akwai ɗigo-ɗigon toka-toka da ja da ke nuna ruwa na kwanciya a wurin da damina. A wuraren da ba a haƙa rami ba, ana murza ƙarfen haƙa a ɗebo ƙasa daga zurfi daban-daban. A ɗakin gwaji a auna yashi da laka, tsami, ruɓaɓɓen ganye da ya zama taki, da sinadaran fosfaros, fotasiyam da magnesiyam. Kowane samfuri ana rubuta lambobin inda aka ɗebo shi.

Mataki na biyu shi ne tattara bayanan da suka rufe ko'ina. Taswirar tudu da kwari ta duniya da kumbon Amurka ya ɗauka da na'urar rada a shekarar 2000 na nuna gangare da inda ruwa ke taruwa. Taurarin ɗan Adam na Landsat na ɗaukar hoto tun 1972, Sentinel-2 na Turai kuma tun 2015, kuma yana iya bambanta fili mai faɗin mita 10. Akwai kuma kundin ruwan sama na shekaru da dama. Sai a ba manhaja samfurorin da aka gwada tare da waɗannan bayanai, ta koyi cewa, alal misali, gindin gangare mai ruwan sama kaza kan zo da laka kaza. Da wannan darasin take cike wuraren da ba a taɓa haƙawa ba. Wata dabarar da ake haɗawa da ita daga ma'adinai aka aro ta: Danie Krige, injiniya a mahaƙar zinariya ta Afirka ta Kudu, shi ya fara amfani da ita a shekarun 1950 don ƙiyasta zinariyar da ke tsakanin rami da rami.

Akwai irin waɗannan taswirori da kowa zai iya buɗewa kyauta. SoilGrids, ta cibiyar ISRIC da ke Wageningen a Holan, ta rufe duniya har zurfin mita biyu, amma an yanka ta gida-gida, kowane gida da adadi ɗaya, kuma gidan mita 250 ne ta kowane gefe, wato hekta 6.25. Gonar ƙaramin manomin roba sau da yawa ba ta wuce hekta biyu ko uku ba, ke nan gida ɗaya ya haɗiye gonarsa da ta maƙwabcinsa. Ta iSDAsoil, wadda aka yi wa Afirka, ta fi ƙanƙanta, mita 30, sai dai bayanan sinadaranta a zurfin santimita 50 suka tsaya, rabin abin da itacen roba ke bukata.

Daga taswirar ƙasa zuwa kilon roba, hanya biyu ake bi. Tsohuwar ita ce ta hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fito a 1976: a jera bukatun itacen, a gwada su da halin wurin, a raba filaye zuwa S1 mai dacewa sosai, S2 matsakaici, S3 mai rauni, da N wanda bai dace ba. Abu mafi muni a wurin shi ke yanke hukunci, don haka fili mai ruwa da taki amma marmara na zurfin santimita 40 ba zai shiga S1 ba. Sabuwar hanyar ita ce a tara bayanan amfanin gonaki na gaske, a ba manhaja ta nemo alaƙarsu da ƙasa da yanayi, ta fitar da adadin kilo. Ta farko ba ta faɗin kilo sai aji. Ta biyu na faɗin kilo, kuma a nan ne haɗarin ruɗuwa ya fi yawa.

## Darasin arewa maso gabashin Tailan

Tailan ce kan gaba a duniya, tana samar da kusan sulusin robar itace, kuma kusan duka daga ƙananan manoma. Asalin noman a kudu yake, a larduna irin su Surat Thani, Songkhla da Trang. Tsakanin 2004 da 2006 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta ƙaddamar da shirin dasa roba a fili rai miliyan ɗaya, wato hekta 160,000, a arewa da arewa maso gabas. Farashi na hawa a lokacin, har ya haura dala 6 a kilo a Fabrairun 2011, don haka manoma suka dasa fiye da abin da shirin ya tanada.

Yankin arewa maso gabas, wanda ake kira Isan, ba ɗaya ba ne. Lardunan bakin kogin Mekong irin su Bueng Kan na samun ruwa mai yawa, kuma roba ta zauna a can. Tsakiyar yankin kuwa ruwan bai cika wuce milimita 1,200 zuwa 1,300 ba, rani na kai wata biyar zuwa shida, ƙasar jigawa ce da ta samu daga dutsen yashi, wani wuri da marmara kusa da sama, wani wuri da gishirin da ke tasowa daga ƙarƙashi. A irin waɗannan filaye itatuwa kan mutu tun suna ƙanana, waɗanda suka rayu kuma su makara wajen kai kaurin tatsa. Waɗanda suka dasa lokacin da farashi ke sama sun fara tatsa ne bayan ya faɗo. A farkon 2016 kilo bai kai dala ɗaya da rabi ba.

Wani bincike da Antje Ahrends da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya ɗora taswirar gonakin roba na yankin kudu maso gabashin Asiya, ban da tsibirai, a kan ta yanayi. Ya gano kashi 72 cikin ɗari na gonakin suna wuraren da ba su cika dacewa ba, kuma kashi 57 na fuskantar ƙarancin ruwa, zaizayar ƙasa, jaura ko guguwa. A 2016 ma'aikatar noma ta Tailan ta buɗe Agri-Map, inda kowa zai duba ajin filinsa ga roba, shinkafa, rogo da sauransu. Bayanan ƙasar ba sababbi ba ne, sashen raya filaye na ƙasar ya daɗe da su. Abin da ya sauya shi ne sun fito daga ofis, amma bayan an riga an dasa.

Abin lura shi ne irin kuskuren da taswira za ta iya hanawa a Isan: marmara, gishiri, dogon rani. Duka abubuwa ne da ba sa sauyawa da ƙoƙarin manomi, kuma ana iya gano su tun kafin a haƙa ramin dashe.

## Inda ikon ƙasa ya tsaya

Roba ta bambanta da hatsi ta wata fuska. Buhun masara na fita da sinadarai masu yawa daga gona. Robar da ake tatsa kuwa kusan duka daga iska da ruwa da hasken rana itacen ke haɗa ta, abin da take ɗauka daga ƙasa kaɗan ne, ganyen da ke zuba kowace shekara kuma na mayar da wani abu. Shi ya sa gwaje-gwajen taki a kan manyan itatuwa ba sa ba da sakamako iri ɗaya: wani wuri amfani ya ƙaru, wani wuri a shekara da shekaru ba a ga bambanci ba. Inda tasirin ƙasa ya fito fili shi ne shekarun ƙuruciya: itace nawa suka rayu, da shekara nawa suka ɗauka kafin su kai santimita 50.

Bayan an fara tatsa, wasu abubuwa ne ke karɓar ragama. Na farko iri. Itacen roba na zamani ɗan aure ne, kamar mangwaron lambu: ana ɗauko ido daga zaɓaɓɓen itace a manna a jikin tsiron da aka shuka. RRIM 600, wanda aka samar a Maleshiya, shi ya mamaye Tailan. Indiya na da RRII 105. Kodebuwa na da jerin IRCA. Najeriya na da jerin NIG 800. Gona biyu a ƙasa ɗaya, ɗaya da ɗan aure ɗaya da tsiron da ya fito daga ƙwayar da aka tsinta, bambancinsu na iya ninkawa.

Na biyu hannun mai tatsa. A Tailan da tsakar dare ake fita, da fitila ɗaure a goshi, domin da sanyin dare ruwan ya fi zuba. Mai tatsa na bin tsagar jiya, daga hagu sama zuwa dama ƙasa, ya fere ɓawon da bai wuce kaurin milimita biyu ba. In ya yi sama-sama, bai kai jijiyoyin ruwan ba. In ya zurfafa da milimita ɗaya, ya ji wa itacen ciwo, ɓawon ya warke da ƙulli, bayan shekaru a rasa inda za a sake tsagawa. Ruwan na bin tsagar ya ɗiga cikin kofi na awa biyu zuwa uku. Yawan tatsa ma na da nasa sakamako: manoman da ke tatsa kwana biyu cikin uku don samun kuɗin cefane kan gamu da bushewar ɓawo, inda itace ke tsaye da ganyensa kore amma ba ya ba da ko ɗigo.

Na uku yawan ranakun tatsa. Ga lissafi na misali. A tazarar mita 3 da mita 7, hekta na ɗaukar itace 476. A ce 420 ne suka kai tatsa, kowanne na ba da giram 30 na busasshiyar roba a fita ɗaya. In an fita sau 120 a shekara, an samu kilo 1,512. In ruwan asuba ya yawaita ya jiƙa ɓawo, ko farashi ya faɗi har mai tatsa, wanda rabon kashi 40 ko rabi yake karɓa a madadin albashi, ya tafi birni neman aiki, aka fita sau 90 kawai, sai a samu kilo 1,134. Rubu'in amfani ya tafi, ƙasar kuma ko ƙwayar yashi ba ta sauya ba.

Sai cuta. Cutar zubar ganye da ta ɓulla a Indunusiya ta kuma isa kudancin Tailan a 2019 ta rage amfani a filayen da ke ajin S1. A Afirka ta Yamma ruɓewar saiwa ce ke cin itatuwa, musamman inda aka bar kututturan tsohon daji a gona.

## Masu goyon baya da masu shakka

Masu goyon bayan wannan fasaha na cewa a gwada ta da abin da ake da shi a da. Tsofaffin taswirorin takarda kan shafa wa dubban hektoci launi ɗaya, ba su kuma faɗin yawan kuskurensu. Ta kwamfuta na iya nuna inda take da tabbaci da inda take lalube, ana kuma sabunta ta duk lokacin da aka samu sababbin samfurori. Kai masanin ƙasa kowace gona ba abu ne mai yiwuwa ba a sana'ar da wajen kashi 85 cikin ɗari na kayanta daga ƙananan manoma yake fitowa. Suna kuma cewa sanin giɓin amfani na taimaka wa daji: in tsofaffin gonaki za su iya ƙara yawan abin da suke bayarwa, bukatar sabon fili ta ragu.

Masu shakka na da hujja uku masu nauyi. Ta farko, bayanan amfanin da ake koyar da manhaja da su daga gonakin da suka rayu suke fitowa, sau da yawa ma daga manyan gandaye da tashoshin bincike masu ajiye rajista. Gonar da ta mutu a shekara ta uku ba ta cikin lissafi, don haka hasashe kan karkata zuwa sama. Ta biyu, inda aka fi bukatar ƙiyasi shi ne inda ba a taɓa dasa roba ba, kuma nan ne manhaja ba ta da abin koyo. Ta uku, yadda ake gwada ingancin taswira: in samfurorin gwaji maƙwabtan na koyo ne, sakamakon kan yi kyau fiye da gaskiya. Masana na ci gaba da muhawara kan hanyar da ta fi dacewa a yi wannan gwajin.

Hatta sanin inda robar take bai gama zama tabbas ba. Wani bincike a mujallar Nature a 2023 ya yi amfani da hotunan Sentinel-2 da ɗabi'ar itacen ta zubar da ganye da rani ya sake tohowa cikin makonni, ya ƙiyasta hekta miliyan 14.2 na manyan itatuwan roba a kudu maso gabashin Asiya, da fiye da hekta miliyan 4 na daji da aka rasa tun 1993. Wasu masana sun ƙalubalanci alƙaluman dajin. Matsalar ta fi tsanani a Indunusiya, inda zubar ganye ba ta da tsayayyen lokaci, kuma akwai gonakin da roba ke cakuɗe da itatuwan daji.

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Na masu goyon baya sun fi ƙarfi a matakin gunduma ko lardi, da kuma wajen ware filayen da ba su dace ba. Na masu shakka sun fi ƙarfi a matakin gona ɗaya da adadin kilo. Indiya ta zaɓi tsayawa a tsakiya: tsarin RubSIS da hukumar robar ƙasar ta fara a gundumar Kottayam ta jihar Kerala a 2017 na ba manomi shawarar takin da ya dace da wurinsa bisa taswirar ƙasa, maimakon ya yi masa alkawarin kilo.

## Abin da zai iya shafar manomi

Ga wanda bai dasa ba tukuna, amfanin a bayyane yake. Duba taswira kyauta ne, kuma in ta nuna alamar marmara ko kwanciyar ruwa, rami biyu ko uku a cikin gonar sun isa su tabbatar ko su ƙaryata. Kuɗin wannan bai kai na dashen layi ɗaya ba.

Ga wanda itatuwansa ke tsaye, lamarin ya fi sarƙaƙiya. Tailan na ba da tallafin sake dashe tun 1960 daga harajin da ake cirewa a kan robar da ake fitarwa. Duk ranar da aka ɗaure irin wannan tallafi, ko rancen banki, ko inshora da ajin fili, manomin da gidan taswira mai hekta shida ya jefa shi cikin S3 saboda kwarin maƙwabcinsa zai biya kuɗin kuskuren da ba nasa ba. Ga kuma batun takardun fili: gonakin roba da yawa a Tailan na cikin filayen da doka ta ɗauka gandun daji ne, kuma bayan juyin mulkin 2014 hukumomi sun sare itatuwan roba a irin waɗannan wurare. Manomin da ya ga haka na da dalilin jan ƙafa idan aka zo awon gonarsa.

A Afirka ta Yamma, Kodebuwa ce abin ya fi shafa, domin robarta ta haura tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, ta shiga sahun manyan ƙasashe uku, kuma Turai na cikin manyan kasuwanninta. A Najeriya noman na jihohin kudu ne irin su Edo, Delta, Ondo, Ogun da Kuros Riba, cibiyar bincikensa kuma na Iyanomo kusa da birnin Benin. Gonaki da yawa a can sun tsufa, don haka tambayar da ke gaban masu su ita ce ko a sake dasa roba ko a koma kwakwar manja, shawarar da zurfin ƙasa da yawan ruwa ke da ta cewa a kanta.

Amfanin da ya fi kusa da aljihun manomi shi ne na masu saye. A harkar koko an daɗe ana ƙiyasta abin da kowace gona za ta bayar, a hana sayar da fiye da haka da sunanta, don kada kayan da aka noma a daji su shigo ta bayan gida. Dokar Turai na tura roba kan wannan turba. In aka ɗauki matsakaicin yanki aka mai da shi iyaka, manomin da ya dasa iri mai kyau, ya samu gwanin tatsa, ya haura matsakaicin da kilo ɗari uku ko huɗu, shi za a fara tuhuma, rarar kayansa kuma ta koma hannun dillalan da ke saye da araha don kasuwannin da ba sa tambayar asali. Wanda gonarsa ba ta kai iyakar ba kuwa yana da ragowar gurbi da wani zai iya saya ya shigar da robar da ba a san inda ta fito ba. Tsarin da zai rage wannan sai ya haɗa taswirar da shekarar dashe, sunan iri, yawan itatuwan da ake tatsa da rasiɗan cinikin shekarun baya, ya kuma ba manomi ƙofar da zai nemi a zo a sake duba gonarsa in bai yarda da adadin ba.